Da Ni Ake? Tunani a kan Tsarguwa da Zaton Raini

Akwai wata ƙaramar tambaya da takan taso a zuciyar ɗan Adam sau da dama kafin rana ta faɗi, ko da yake da wuya ta fito ta baki. Tambayar ita ce: da ni ake? Mutum biyu suna dariya a gindin bishiya, da ka iso sai suka yi shiru. Ka gai da maƙwabcinka, ya amsa a taƙaice, bai tambayi iyali ba. Ranar godiyar kaka aka karanta sunayen waɗanda suka ba da gudummawa, aka tsallake naka. Ka aika wa ƙanenka saƙo ta waya, alama ta nuna ya karanta, yini ya wuce bai ce uffan ba. Ba wanda ya mare ka, ba wanda ya ɗauki ko kwabonka, duk da haka ka kwana kana juyi a kan tabarma, kana tsara amsar da za ka mayar gobe.

Hausa ta ba wannan hali suna, wato tsarguwa, kada kuwa mu ɗauke shi ƙaramin abu. Duk wanda ya taɓa zama domin sulhunta miji da mata, ko 'yan'uwa ciki ɗaya da suka daina sa hannu a kwano guda, ya sani idan aka bi sawun rigimar har mafarinta, ba kullum ake tarar da gona ko kuɗi ko gādo a can ba. Sau da yawa abin da ake tararwa shi ne wata gaisuwa da ba a amsa ba, ko wani biki da aka manta ba a gayyaci wani ba, ko wata kalma da aka faɗa a kan wani abu dabam, mai ji ya ɗauka ya rataya wa wuyansa. Shekara goma ta shige, wanda ake fushi da shi bai ma san ranar da ya yi laifin ba.

Me ya sa abu maras nauyi yake ciwo haka? Masana na dā sun riga mu yin wannan tambaya. Aristotal, masanin falsafa na ƙasar Girka wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Almasihu, ya bincika fushi a littafinsa na fasahar iya magana, ya ga cewa abin da ke hura wutarsa shi ne mutum ya ga an ƙasƙantar da shi, an ɗauke shi ba a bakin kome ba. Har ya lura cewa mantuwa da sunan mutum, duk da ƙanƙantarta, takan jawo fushi, gama mai sunan yakan karanta rashin kula a cikinta. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ɗauko wannan zance a babban littafinsa na tauhidi, ya tambaya ko dukan dalilan fushi suna komawa ga tushe guda, ya kuwa amsa cewa haka ne. Abin da suka kira da Girkanci da Latin, Bahaushe ya san shi da kalma ɗaya: raini.

Mu gwada maganarsu da abin da idonmu ya gani. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a Jihar Kebbi. Manoma sun yi kuka, waɗansu sun shiga bashin da ya daɗe bai sake su ba, amma ba mu ji wanda ya ƙulla gaba da gulbi ba. Manomin da ya rasa gona sukutum ya ce haka Allah ya so, shi ne kuma zai iya daina gai da ɗan'uwansa a kan kwano ɗaya na iri da ya nema aka hana shi. Hasarar farko ta ninka ta biyu sau ɗari. Bambancin shi ne, ruwa bai san sunansa ba, ɗan'uwansa kuwa ya sani.

Ashe ke nan ciwon da muke ji hawa biyu ne. Akwai abin da ya faru, akwai kuma fassarar da muka yi masa. Abin da ya faru ba a hannunmu yake ba. Fassarar kuwa mu muke rubuta ta, sai dai muna rubuta ta da sauri ƙwarai har mukan zaci tare da abin ta iso. Gaisuwar da aka amsa a taƙaice gaskiya ce; amma cewa ya yi haka domin ya sami kuɗi yanzu yana ganina talaka, wannan kai ka ƙara. Wataƙila haka ɗin ne. Wataƙila kuma ɗansa ya kwana da zazzaɓi.

Ba sai mun je Girka ba kafin mu tabbatar cewa fassara ita ce mai zafin. Mu tsaya a Aliero, garin da albasarsa ta yi suna, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta. Ga manomi ya yi watanni yana ban ruwa cikin sanyin hunturu, ya cire, ya shanya, ya ɗura a buhu. Mai saye ya zo, ya kwance bakin buhun, ya tura hannu, ya fara kushewa: ƙanana ce, ba ta bushe ba, kafin Legas rabinta ta ruɓe. Sa'an nan ya taya da kuɗin da, in a wani wuri ne, zagi za a kira shi. Manomin ba ya zare ido, ba ya tambaya ko an san ɗan wane ne shi. Yakan ce albarka, ya jira ƙari. Dukansu biyu sun san ciniki ake yi, kushe kaya kuwa ba kushe mai kaya ba ne. To, wannan mutum mai sanyin zuciya a kasuwa, ya koma gida da yamma, matarsa ta ce kuɗin cefane bai kai ba, sai kunnensa ya jiye masa cewa an ce ya kāsa riƙon gida. Ita farashin manja take faɗi. Shi kuwa ya ji hukunci a kan mazantakarsa, gida ya kwana ba magana.

Aliero ta shahara da wani abu kuma, wato masu ɗori, waɗanda ake kawo musu masu karaya daga nesa. Akan kawo misalinsu domin a ce wa mutane su jure gyara: mai ɗori yana jan ƙafarka har ka ga taurari, amma ba maƙiyinka ba ne. Wannan gaskiya ne. Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne mai ɗorin kansa. Wanda ake ja wa ƙafa yakan yi ihu, yakan ture hannu, wani har ashar yakan ɗura. Mai ɗori ba ya sakin ƙafar ya ce an ci mutuncinsa. Ya san ƙashi ne ke magana. Da za mu iya ganin cikin mutanen da suka taɓa gaya mana baƙar magana, da mun tarar yawancinsu karaya suke ɗauke da ita: bashi, rashin haihuwa, ɗa da ya fi ƙarfinsu, albashin da bai zo ba, tsoron gobe. Mun zo wucewa ne muka taɓa wurin.

Kakanninmu ma sun gina wata makaranta musamman domin wannan darasi, ko da yake ba su sa mata allo ba. Ita ce wasan barkwanci: tsakanin Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zagezagi, tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka. A tashar mota, Bafulatani zai kira Babarbare bawansa a gaban jama'a, a fashe da dariya, Babarbaren ya rama da wadda ta fi. Kalmar nan kanta, da a bakin wani ta fito, da sai an kai gaban alƙali. A cikin wannan wasa, wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Dubi hikimar da ke ciki: an koya wa yaro tun yana ƙarami cewa kalma ba ta da dafi a kanta, sai an san bakin da ta fito da nufin da ya turo ta. Abin baƙin ciki shi ne mun riƙe wasan, mun bar darasin a tasha.

Me ke hana mu ɗaukar wannan haƙuri zuwa gida da wurin aiki da majami'a? Ina ganin dalili na farko shi ne kowannenmu yana kallon duniya ta taga ɗaya, tagar kansa, saboda haka yakan zaci kowa ma shi yake kallo. Wani malamin nazarin halin ɗan Adam a Jami'ar Cornell ta Amurka, Thomas Gilovich, tare da abokan aikinsa, sun buga sakamakon wani gwaji a shekarar 2000. Sun sa ɗalibi ya saka riga mai hoton wani mawaƙi da samari ke jin kunyar a gan su da shi, ya shiga ɗakin da waɗansu ɗalibai ke zaune, sa'an nan suka tambaye shi mutum nawa yake tsammani sun lura. Masu rigar sun yi zaton kusan rabin mutanen ɗakin. Waɗanda suka lura a zahiri ba su wuce kusan ɗaya cikin huɗu ba. Sauran suna can cikin tunanin nasu rigunan. Kafin wannan, likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021, ya lissafta wannan hali na jingina wa kai abin da bai shafe ka ba cikin karkatattun hanyoyin tunani da ya riƙa gani a wurin masu fama da ciwon baƙin ciki. Na ambaci wannan domin a sani, idan tsarguwa ta kai mutum ga rashin barci da ƙin abinci da gudun jama'a, har yana ganin duk mai raɗa da shi yake, to abin ya wuce wa'azi, a kai shi ga likita, babu kuwa abin kunya a ciki.

Masu wa'azi sun san wannan hali ta wata fuska da takan ba da dariya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, bayan Misa wani yakan ja ni gefe, fuska a murtuke, ya ce, “Fada, wa ya kawo maka maganata?” Alhali karatun ranar Ikilisiya ta tsara shi tun da daɗewa, ana kuma karanta shi a wannan Lahadi daga Jega har Roma. Wani lokaci mutum uku dabam-dabam sukan zo da ƙorafi guda a kan wa'azi guda, kowa yana da tabbacin shi kaɗai aka nufa.

Wannan ya kawo mu ga dalili na biyu, wanda Hausawa suka taƙaita da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Aristotal ma ya lura cewa mutum ya fi jin zafin ba'a a kan abin da shi kansa yake shakkar yana da shi. Inda ya tabbata da kansa, ba ya ko waiwaya. Ka ce wa dogon mutum gajere, dariya zai yi. Maganar da ta hana ka barci, sau da yawa ta tarar da wata murya a cikinka da ta daɗe tana faɗin abu ɗaya. Don haka tsarguwa tana da ɗan amfani ga mai hankali: tana nuna masa inda miki yake. Maimakon ya tambaya kawai me ya sa wane ya faɗi haka, sai ya ƙara da me ya sa wannan, cikin dukan maganganun da na ji yau, ita ce ta tsaya mini.

Dalili na uku ya fi wuyar karɓa. Mai saurin tsarguwa yakan ɗauki kansa mai tawali'u, wanda kowa ke takawa. Amma a ƙarƙashin rigar akwai girman kai, gama sai wanda ya ɗauki kansa cibiyar gari yake zaton kowace dariya da kowane shiru dominsa aka yi. Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5, ya ba da labarin Na'aman, shugaban sojojin Suriya, jarumi amma kuturu. Ya yi doguwar tafiya da dawakai da kyautai zuwa ƙofar annabi Elisha. Annabin bai fito ba, ya aiko manzo da umarni ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Na'aman ya husata, ya juya zai koma. A lura, ba a hana shi magani ba. Maganin na hannunsa. Abin da aka hana shi shi ne tarbar da yake ganin ta dace da muƙaminsa, ya kuwa yarda ya koma gida da kuturtarsa a kan ya haɗiye wannan. Barorinsa ne, waɗanda suka saba da rashin tarba, suka lallashe shi ya shiga ruwan. Mutum nawa ne a cikinmu suka bar asibiti, ko makaranta, ko ƙungiyar mawaƙa, ko Zumuntar Mata, suka koma gida da ciwonsu, domin wanda ya kamata ya fito bai fito ba?

Yanzu mai karatu zai iya tsayar da ni ya ce, “Fada, kana magana kamar babu raini a duniya.” Yana da gaskiya, dole kuwa a ba shi amsa. Harshenmu cike yake da habaici da gugar zana da zambo. Kishiya takan yi waƙa a bakin turmi, kowa a gidan ya san inda aka dosa. Har a bayan mota akan rubuta saƙo domin wani ya karanta. Al'ummar da ta ƙware wajen faɗin magana a kaikaice dole ta haifi mutane masu kunnen neman abin da ke ƙarƙashin magana. Ban da haka, gwauruwa da maraya da baƙo da talaka, da duk wanda yarensa ko addininsa ya zama na 'yan kaɗan a inda yake zaune, sun san raini na gaske, wanda ba zato ba ne. A ce wa irin waɗannan su daina tsarguwa kawai, zalunci ne a kan zalunci.

Tarihin ƙasar nan tamu yana da labari mai nauyi a kan wannan gaɓa. Malam Abdussalami, Ba'are, yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya zauna da jama'arsa a Gimbana, ba nisa da inda Jega take a yau, kuma harin da mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka kai musu can yana cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Wato mutum ne da ya sha wuya tun farkon al'amari. Da aka ci nasara aka raba kula da ƙasa, abin da ya samu bai kai abin da yake ganin ya cancanta ba. Daga baya ya zauna a Kware. Bayan rasuwar Shehu a 1817, saɓani ya tsananta tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suka yi musayar wasiƙu, waɗanda Bello ya tattara labarinsu a littafinsa Sard al-Kalam. A ciki Abdussalami ya koka da rashin adalci, har ya zana yadda aka raba ƙasa tsakanin manya, yana tambayar ina nasa rabon. Bello kuwa ya zarge shi da haɗa kai da abokan gaba. Wasiƙu ba su kashe wutar ba. Aka yi yaƙi, Kware ta faɗi, Abdussalami ya sami rauni, ya rasu a Bakura a 1818.

Ba aikina ba ne in yanke hukunci tsakanin waɗannan manya, masana tarihi ma ba su gama muhawara a kansu ba. Abin da nake gani a labarin, a nawa karatun, shi ne tambaya biyu da suka sarƙe da juna. Ɗaya ita ce, nawa ne rabona? Ɗayar kuwa, ana lissafa ni kuwa? Ta farko ana iya zama a kanta, a auna, a ƙara, a rage. Ta biyu ba ta da mudu. Ko an ƙara gari goma, zuciyar da ta riga ta karanta raini za ta ga ƙarin ma raini ne. Idan suka haɗu a magana ɗaya, mai ƙorafi ba ya iya karɓar kome, wanda ake yi wa ƙorafi kuma ba ya jin kome sai barazana. Ɗansa Buhari, wanda ya rasa uba a wannan rikici, yana da dalilin riƙo fiye da kowa. Duk da haka daga baya ya daidaita da Gwandu, ya kafa Jega, garin da tun ƙarni na 19 ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin wannan yanki, inda baƙi daga kowace kusurwa suke sauke kaya har yau.

Saboda haka rashin tsarguwa ba ya nufin mutum ya yi shiru a kan hakkinsa. Idan an ci maka iyakar gona, ka je wurin mai gari. Idan an riƙe maka lada, ka nema. Abin da ake roƙonka shi ne ka nemi gonar a matsayin gona, kada ka ɗora mata nauyin dukan darajarka, domin ranar da ka yi haka ka daina neman adalci, ka koma neman a durƙusa maka, wannan kuwa ba kotun da ke bayarwa.

To, yaya mutum zai yi sa'ad da abin ya soke shi? Waliyyi Ignatiyus na Loyola, wanda ya rasu a 1556, ya sa wata ƙa'ida a farkon littafinsa na horon ruhu, Katekisim na Ikilisiyar Katolika na 1992 kuma ya maimaita ta: mutum ya fi saurin neman kyakkyawar fassara ga maganar ɗan'uwansa a kan hukunta ta, in kuwa ya kāsa samun kyakkyawar fassara, ya tambayi mai maganar abin da yake nufi. Maƙwabtanmu Musulmi suna da wannan koyarwa, suna kiranta kyautata zato, dukanmu kuma mun gāji karin maganar da ke cewa zato zunubi. Rabin farko na ƙa'idar aikin zuciya ne: kafin ka yanke cewa raini ne, ka tilasta wa kanka nemo waɗansu dalilai biyu ko uku da za su iya sa mutum ya yi abin da ya yi, ka kuma bari dare ɗaya ya wuce, gama fassarar da aka yi da yunwa ko gajiya ba ta cika zama daidai ba. Rabi na biyu shi ne mai wuya a wurinmu. Kunya da kawaici sukan hana mu tambaya. Mun gwammace mu gaya wa mutum biyar abin da wane ya yi mana, da mu je wurin wane mu ce, “Yaya, jiya ka faɗi kaza, ban gane nufinka ba.” Mutum biyar ɗin nan kuwa kowa zai ƙara gishiri, kafin mako ya zagayo maganar ta koma wa mai ita da ƙahoni. Bisharar Matiyu, sura 18, ta sa zuwa wurin ɗan'uwa kai kaɗai a matsayin mataki na fari, kafin shaidu, kafin taro. Mu mun juya tsarin, muna farawa da taro.

A nan ya kamata a yi hattara da masu kawo rahoto, masu an ce ka ce. Wanda ya ɗauko magana daga wani zaure ya kawo maka, ya kawo kalmomin ne kawai. Murya da fuska da abin da aka faɗa kafin nan duk ya baro su a can. Yana da kyau ka tambayi kanka abin da ya sa aka ji daɗin faɗin maganar a gabansa, da abin da shi ya amsa.

Idan ka tambaya kuma aka ce maka, i, da kai nake, fa? Efiktetus, wanda ya taɓa zama bawa a Roma kafin ya zama malamin falsafa, ya koyar cewa mai zagi ba shi da ikon cutar da kai sai da yardar hukuncin da kai ka yanke a kan zagin. Akwai gaskiya a nan, amma ban bi shi har ƙarshe ba, domin maganinsa yana iya mai da zuciya dutse, wanda ba ya jin zafin kowa kuwa ba ya jin ƙaunar kowa. Ba laifi ba ne ka ji ciwo idan wanda kake ƙauna ya wulakanta ka. Abin dubawa shi ne inda ka ajiye darajarka. Mukan ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, wannan karin magana kuwa ya sa da yawa cikinmu suna yawo da ƙwarya a kai, suna tsoron kowane mai wucewa. A ganina, ba wanda ke iya zubar maka da wannan madara sai kai da hannunka, ta wurin ƙarya ko cin amana ko zalunci. Darajar da Mahalicci ya ba mutum ba a bakin maƙwabci aka ajiye ta ba. Wanda ya raina ka ya bayyana nasa halin. Idan akwai gaskiya a maganarsa, ka tsince ta kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa, sai dai a nan tsakuwar ce mai yawa.

Inda wannan magana ta fi zama ta rai da mutuwa shi ne a gonaki da fadamun Maiyama da Jega da makamantansu, lokacin kaka, sa'ad da amfanin gona bai gama barin fili ba, shanu kuma suna neman hanyar ruwa. Saniya ta shiga gona ta yi ɓarna. Saniya ba ta san mai gonar ba, yaron da ke kiwon ma wataƙila barci ya ɗauke shi. Manomi yana da hakki cikakke a biya shi. Amma idan labarin ya isa gari da cewa sun raina mu, ya isa ruga da cewa sun tsane mu, to an bar zancen dawa ke nan, an shiga zancen da ba a biyansa da kuɗi, matasa kuma su ne za su ɗauki sanduna. Dattawan da suka iya wannan aiki ba sa barin maganar ta kwana. Mai unguwa da arɗo sukan taka zuwa gonar tare tun rana ba ta faɗi ba, su sa mai gona da mai shanu su tsaya gefe, su bi kunya kunya suna duba inda aka ci da inda aka tattake, su ƙiyasta dami nawa ne, su faɗi kuɗin a gaban shaidu, su kuma sa ranar biya.